Wardin da aka yi watsi da shi a tsakar gida: a sare shi, ko zai tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta dasa wardi a tsakar gidanmu a Zariya sama da shekara goma da suka wuce. Bayan rasuwarta aka sa 'yan haya, ba mai kula da shi. Na dawo gidan a wannan wata na Agusta, na tarar ya wuce katanga tsawo, rabin rassan sun bushe, ganyen ya yi ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi, kuma sai can sama ake ganin ganyen. A da yana yin manyan furanni ruwan hoda masu ƙamshi sau da yawa a shekara, yanzu sai ƙanana ɗaya-ɗaya. Mai yi mana shara ya ce a sare shi da adda daga gindi a zuba masa yuriya. In yarda?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta. Kada ki yarda. Za a yi masa aski, amma ba yanzu ba, ba da adda ba, yuriyar kuwa a ajiye ta gefe. Duk abin da kika lissafa alamun itacen da ya gaji ne, ba na wanda ya mutu ba. Tunda har yana fitar da fure ko da ɗaya-ɗaya ne, saiwarsa na aiki.

Mai sharar naku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Wardi yana da taurin rai, ana iya rasa duk abin da ke sama ya sake tashi daga ƙasa. A garin Hildesheim na Jamus akwai wani wardi a jikin bangon babbar majami'ar garin, ana yi masa laƙabi da mai shekara dubu. A watan Maris na 1945 jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan bama-bamai, majami'ar ta ƙone, itacen ya ƙone har ƙasa, amma bayan 'yan makonni sai ga toho daga ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma yana nan har yau. Sai dai wancan wardin daji ne, tsaye yake a kan saiwarsa ta asali. Abin da za ki fara dubawa ke nan a naki: a kan saiwarsa yake, ko ɗan aure ne?

Da yawa daga cikin wardi masu manyan furanni da ake sayarwa a lambunan fulawa 'yan aure ne, irin auren da ake yi wa mangwaro da lemo. Ana ɗauko ido ɗaya, wato wurin da sabon toho ke ɓullowa a jikin reshe, daga irin da ake so, a tsaga ɓawon wani wardin mai ƙarfin saiwa amma marar kyawun fure, a cusa idon a ɗaure. In ya kama sai a yanke kan na ƙasan. Itace biyu ke nan a jiki ɗaya, saiwa ta wani, kai na wani. In aka kai adda ƙasa da wurin auren, to wardin mahaifiyarki ya tafi ke nan, abin da zai toho wani itace ne daban, mai ƙaya da yawa da 'yan furanni marasa kan gado. Akwai kuma wanda aka dasa daga reshe kawai, irin wanda maƙwabciya ke yanko wa maƙwabciya, shi duk abin da ya toho daga ƙasa nasa ne.

Ki sa safar hannu mai kauri, ki tsuguna, ki tone ƙasar da ke kewaye da gindin da hannu ko da ɗan guntun itace, zurfin yatsa ɗaya zuwa biyu, a hankali. In kika ga ƙullutu kamar gwiwa, rassa na fitowa daga kansa, ƙasansa kuma akwai sanda guda ɗaya da ta gangara zuwa saiwa, ɗan aure ne. In rassan sun fito a warwatse daga cikin ƙasa babu wannan gwiwar, mai yiwuwa a kan saiwarsa yake. In ɗan aure ne, sai ki bi kowane reshe da ido ki ga daga ina ya taso. Ina kyautata zaton cewa wasu daga cikin dogayen da suka wuce katangar nan daga ƙasan gwiwar suka fito. Haka yake faruwa ga duk ɗan auren da aka bari babu kulawa: na ƙasan ya fi ƙarfi, yana samun dama sai ya aiko da nasa rassan, su shanye ruwa da abinci, na saman ya riƙa ƙanƙancewa kowace shekara. Ana cewa ana gane su ta ganye, wai nasu bakwai-bakwai ne a kan kara ɗaya, na kirki biyar. Sau da yawa haka ne, amma ba a dogara da shi, don akwai wardi nagari masu ganye bakwai. Inda reshen ya taso shi ne shaida. Irin waɗannan ba a yanke su a saman ƙasa, in aka yi haka biyu ko uku za su fito a madadin ɗaya. Sai a tone har inda ya manne da saiwa, a fizge shi ƙasa da ƙarfi ya ɓalle da idonsa. In ya yi kaurin da ba ya fizguwa, a yanke shi dab da jikin saiwar, kada a bar kututture.

Tunda kin riga kin tsuguna, ki duba lafiyar gindin. Ki kankare ɓawo kaɗan da farce ko bakin wuƙa: kore da danshi a ciki alamar rai ne, ruwan ƙasa a bushe alamar mutuwa. Ki danna gindin da babban yatsa ki ji ko yana da ƙarfi ko ya yi rami. Gara ta fi zuwa ga busasshen itace, shi ya sa matattun rassan da aka bari shekara da shekaru su ne ƙofar da take shigowa. In ta ci ɓangare ɗaya kawai, sauran yana da ƙarfi, ba komai, a share ƙasar da ta gina a cire mataccen. In kuwa kika ga wani ƙari mai kaushi kamar dunƙulen ƙasa a manne da gindin, wanda ba gwiwar aure ba ne, wannan ciwon ƙwayar cuta ne da ke zaune a cikin ƙasa, ba ya jin magani. Zan dawo kansa.

Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki iri. Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe, domin itacen da ke da tarihi a gida ba a yin caca da shi. Damina ce, lokaci ne mai kyau. Ki zaɓi reshen da kika ga furen ruwan hodan a kansa da idonki, mai kaurin fensir, wanda bai tsufa ba kuma bai yi taushi ba. Ki yanka guntaye biyar ko shida, kowanne kamar taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20, mai ido uku ko huɗu. Ki tsige ganyen ƙasa ki bar biyu na sama, ki soke rabinsa a cikin ledar dashe mai huda da aka cika da yashi da ƙasa rabi da rabi. A ajiye a inuwa mai haske, inda ruwan indararo ba ya dukansu, a kife musu gorar ruwa da aka yanke gindinta. Cikin mako shida zuwa takwas waɗanda za su kama za su kama. Kada ki riƙa ciro su kina duba saiwa, kuma kada tohon farko ya ruɗe ki, reshe kan yi toho da abincin jikinsa tun bai yi saiwa ba. Ko biyu suka rayu, kin huta da fargaba.

Aikin wannan wata da na Satumba shara ce kawai. A cire duk reshen da ya mutu, a yanke shi har inda aka iske rai, ko daga gindi in duka ya bushe. Kayan aikin su ne almakashin yankan itace mai kaifi da ƙaramin zarto don masu kauri. Adda tana tsaga reshe ta bar shi a farfashe, ruwa ya shiga, ruɓa ta bi ta gangara. A riƙa goge bakin almakashin da sifirit bayan an yanke reshe mai ciwo. Ɗanyun rassa kuwa, ban da waɗanda suka taso daga ƙasan aure, a bar su duk muninsu, don 'yan ganyen nan na sama su ne ke ciyar da saiwar yanzu. A cire ciyawa da hannu daga gindin har faɗin kamu biyu kowane gefe. Kiri-kiri da aya-aya sai an bi su da haƙuri an zaro saiwarsu. Kada a sa fartanya da zurfi, ƙananan saiwoyin wardi a sama-sama suke. Kada kuma a kusanto shi da maganin ciyawa, ko a yi masa feshi da tankin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki. Wardi ba ya jure shi ko kaɗan, 'yar ragowar da ta maƙale a tiyo ta isa ta sa sabon ganye ya fito a murɗe kamar zare har tsawon watanni.

Ɗigon baƙin nan da ganye ke yi, ya yi ɗorawa ya zube, wata funfuna ce da ta fi addabar wardi a duk inda ake damina. Ƙwayoyinta na zaune a ganyen da ya faɗi da jikin rassa, ruwan sama ya fantsamo su sama, kuma suna buƙatar ganye ya zauna a jiƙe wajen awa bakwai kafin su shiga. Shi ya sa take farawa daga ƙasa ta hau, shi ya sa kika tarar da ganye a kai kawai. Maganinta na farko tsintsiya ce: a share duk ganyen da ya zube a ƙone, kada a zuba shi a juji. A tsige waɗanda suka fi lalacewa, amma kada a tsige itacen tas. In kina son feshi, mankozeb da manoman tumatir ke amfani da shi yana yi, a bi adadin da aka rubuta a jikin leda, a fesa duk bayan kwana bakwai zuwa goma har ruwa ya ɗauke. Ki sani dai rigakafi ne ga ganyen da bai kamu ba, wanda ya riga ya yi ɗigo ba zai dawo ba. Da zarar iska ta bushe a Nuwamba ciwon kan lafa da kansa.

Sai ki binciki abin da aka riƙa zuba masa. A gidan haya gindin itace shi ne makwararar kowa: ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, tokar murhu. Garin sabulun wanki yana tara gishiri a ƙasa, alamarsa gefen ganye ya ƙone kamar an kai masa wuta. Toka kuma, da ɓaraguzan siminti in an taɓa gyaran katanga, suna sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, alhali wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wato daga 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. In ƙasa ta yi kanwa, saiwa ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da akwai shi, sai ki ga sababbin ganyen sama sun yi fari-fari amma jijiyoyinsu kore shar. Wannan daban yake da yunwar naitirojin, wadda ke farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa su koɗe gaba ɗaya. A kwashe ƙasar sama mai toka zurfin yatsa biyu a mayar da baƙar ƙasa mai kyau, sauran gishirin ruwan Agusta zai wanke shi. Daga yau ba ruwan wanki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ba su da laifi, in ma za a iya karkato magudanar wurin alwala zuwa gindinsa, an rage aiki. Bayan an yi ruwan sama ki lura: in ruwa na kwanciya a gindin har rabin yini, a yi masa hanya ya fita. Saiwar da ta zauna cikin taɓo tana ruɓewa, ganyen ya yi yaushi, mai gida ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa.

Ki kuma ɗaga kai ki duba sama. Darbejiya ko mangwaron da ke ɗan ƙarami lokacin da aka dasa shi yanzu ya zama babba. Wardi na son rana awa shida a yini, a ƙasarmu kuma ta safe ta fi masa ta la'asar. In inuwa ta rufe shi, wannan ma na cikin abin da ya sa ya miƙe yana neman haske, sai a rage rassan bishiyar ta wajen gabas. Kada ki yi tunanin ciro shi ki sauya masa wuri a bana. Tsohon wardi mai rauni ba kasafai yake tsira daga ƙaura ba.

Babban aski sai ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. In kika leƙa intanet za ki ga ana cewa a yi aski a Fabrairu ko Maris. Wannan lissafin Turai da Amurka ne, inda sanyi ke sa itacen ya yi barci ya zubar da ganye, a aske shi kafin ya farka. Namu ba ya barci, kuma Maris a Zariya ƙofar bazara ce. Wanda ya aske wardi a lokacin ya buɗe rassansa ga rana mafi zafi a shekara, sabon tohon ya ƙone tun bai yi ƙwari ba. Aski a damina kuma yana buɗe raunuka ga ruɓa. Lokacin wardi a ƙasar Hausa hunturu ne: dare da sanyi, rana ba ta da zafi sosai, ganye a bushe. Daga aski zuwa fure kan ɗauki mako shida zuwa takwas, saboda haka askin farkon Nuwamba zai ba ki fure daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu.

Ga yadda za a yi. Ki ja baya ki kalli itacen, ki zaɓi rassa huɗu ko biyar mafiya lafiya, masu koren ɓawo sumul, waɗanda suka taso daga gwiwar aure ko samanta, kuma suka buɗe zuwa ɓangarori daban-daban. Su ne za su zauna. A cire siraran da ba su kai fensir ba, da waɗanda suka giccie tsakiya suna gugar juna, don iska ta ratsa. Cikin tsofaffin nan masu kaushin ɓawo a cire ɗaya ko biyu kawai daga gindi da zarto, sauran a bar su sai baɗi. Waɗanda aka zaɓa a rage musu kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na tsawonsu, wato itacen ya dawo kamar ƙugun mutum. Na san hannu zai yi ƙaiƙayin a gangara da shi har gwiwa a gama lokaci ɗaya. Ga matashin itace mai ƙoshi haka ake yi. Wannan ya yi shekaru yana cin ajiyarsa, abin da ya rage a jikin rassan shi ne jarinsa, in aka kwashe duka ba shi da abin da zai tashi da shi.

Kowane yanka a yi shi a saman ido. Idon yana nan inda ganye ya haɗu da reshe, ko inda tabon tsohon ganye yake. A zaɓi wanda ke kallon waje, don inda ido ya kalla nan sabon reshe zai nufa. A bar kamar milimita 5 zuwa 6 a samansa, a karkata yankan ta yadda ruwa zai gangara ta bayan idon. In aka bar dogon kututture zai bushe, bushewar ta bi ta gangara, in aka matse kuma idon ya mutu. Bayan kowane yanka ki dubi ɓargon da ke tsakiya: fari ko fari mai ɗan kore shi ake nema, in ruwan ƙasa ne a sauka zuwa ido na gaba har a iske fari. Manyan raunuka a shafa musu farin gam na kafinta don hana ƙwarin da ke huda ɓargo.

Akwai togaciya ɗaya. In kika tabbatar dogayen rassan nan daga saman aure suke, kuma furen ruwan hodan a kan ƙananan rassan da ke fita daga gefensu yake, to irin mai hawa ne, tsawon ɗabi'arsa ce. Irin wannan ba a gajarta manyan rassansa. A kafa ƙusoshi da waya a jikin katanga, a tanƙwaro su a hankali su kwanta a gicciye a ɗaure da tsumma, a rage ƙananan na gefe zuwa ido biyu ko uku. Reshen da ke tsaye a kansa kawai yake fure, wanda aka kwantar kuwa kusan kowane ido a jikinsa sai ya toho.

Yanzu maganar taki. Wanda ya daɗe a kwance ba a fara masa da tuwo, kunu ake ba shi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce zalla, in ta sauka a kan raunanan saiwoyi ƙona su take yi, in ma ba ta ƙona ba sai ta fito da toho mai laushi wanda darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye, ke so, ga ganye ba fure. Ranar aski a ba shi ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, rabin kwanon sarki, wanda ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi in an cusa hannu. A tsince gwazarma in akwai. A baza shi kewaye, kada ya taɓa jikin itacen, a ɗan cakuɗa da ƙasar sama. Ɗanyen kashin kaji kada ya zo kusa. Bayan mako biyu zuwa uku, in sabon toho ya kai tsawon yatsa, sannan a kawo takin zamani: NPK 15-15-15, cokalin cin abinci biyu, a zagaya da shi taƙi ɗaya nesa da gindi, a ba da ruwa kafin a zuba da bayan an zuba. A maimaita duk bayan mako biyar ko shida har ƙarshen Fabrairu.

Sabon tohon wardi ja yake fitowa, kada ki tsorata. Abin da za ki sa wa ido shi ne toho mai kauri da zai ɓullo daga kan gwiwar aure ko gindin kansa. Shi ne alamar cewa aikin ya ci, kuma shi ne zai gaji tsofaffin rassan. Yana da saurin karyewa, a kafa masa sanda saboda iska, a kuma kare shi daga akuya in akwai ta a gidan, don ƙaya ba ta hana ta cin wardi. Furannin farko a kan siraran rassa ina ba da shawarar a tsinke su tun suna ƙulli, ƙarfin ya koma jiki. Ki bar biyu ko uku ki gani da idonki, ba laifi. Daga baya duk furen da ya fara zubewa a yanke shi a saman ganye na farko mai 'ya'ya biyar, ba a tsinke kan kawai ba.

Ban ruwa a hunturu: a yi masa ɗan kwari kewaye da gindi, a zuba lita 15 zuwa 20 sau biyu a mako, da safe, a ƙasa ba a kan ganye ba. In ƙasar gidan rairayi ce a ƙara sau ɗaya. Yayyafin kofi ɗaya kullum ba ya kai wa saiwa, yana jawo ta sama ne inda rana za ta gasa ta. In kina shakka ki soka yatsa, in kin ji danshi a ƙarshensa a bari sai gobe. A lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen darbejiya kaurin yatsa uku, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da itacen, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Rani yana da nasa maƙiyan. Babban cikinsu wani ɗan mitsitsin gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye, yana son ƙura da bushewa. Ganyen sai ya yi toka-toka kamar an yayyafa masa gari, daga baya a ga siririyar yana. Ki girgiza ganye a kan farar takarda, in ɗigo-ɗigon da suka faɗo suna motsi, shi ne. A nan dokar damina ta juya: a wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe sau biyu ko uku a mako, iskar hunturu za ta busar da shi cikin awa guda. Magungunan ƙwari da ake fesa wa wake ba sa kashe shi yadda ya kamata, suna kashe ƙwarin da ke cinsa ne, sai ya ƙara yawa. In ya fi ƙarfin ruwa a nemi abamektin. Darɓa kuwa a kan toho da ƙullin fure take taruwa, in kika ga kiyashi na hawa da sauka to tana nan. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ya ishe ta, ko a daka 'ya'yan darbejiya giram 50 a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace a fesa da yamma. In sabon ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa fulawa yana naɗewa, wata funfunar ce ta daban mai son sanyin dare, maganinta farar wuta ta feshi, amma ba a fesa ta in zafi ya haura digiri 30. Fiya-fiya ba ta da wuri a tsakar gidan da yara ke wasa. Furen da aka yi wa feshin magani kuma ba a sa shi a shayi ko a ruwan wanke fuska. In kika ga an yanke gefen ganye zagaye sumul kamar da almakashi, wata ƙudan zuma ce mai gina ɗaki da ganye, ki ƙyale ta, ba ta cutar da shi.

Daga Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, burin kawai ya rayu. Ba aski, ba takin zamani. Ruwa bayan kwana bibbiyu, a ƙara kaurin lulluɓin gindi. In katangar da yake jingine da ita tana shan ranar yamma, a tsaya masa da zana ko ragar inuwa ta wannan ɓangaren, don siminti na mayar da zafi har bayan magariba. Furen bazara ƙarami ne, koɗaɗɗe, ba ƙamshi, a wannan shekarar ta farko gara a tsinke ƙullin. Ruwa na zama a Yuni sai a yi ɗan gyaran fuska, a cire abin da ya bushe, a mayar da taki, a dawo da tsintsiya da rigakafin baƙin ɗigo tun kafin ya bayyana.

Kada ki auna shi da wardin da ake kawowa daga Jos. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Zariya wajen rabin haka, Kano ma ba ta kai 500 ba, kuma sanyin dare ne ke ba fure girma da launi. Da yawa daga cikin wuraren da suka yi suna da wardi a ƙasashe masu zafi a kan tudu suke: Ɗa'ifa a Saudiyya, inda ake samo turaren wardin da alhazai ke tsaraba, ta haura mita 1,800, haka ma gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya da ke aika furanni Turai. Naki zai yi kyau sosai daga Disamba zuwa Fabrairu, ya yi matsakaici a damina. A Nuwamba ta biyu ne za a cire sauran tsofaffin rassan a gangaro da shi ya koma tsawon santimita 50 zuwa 60, kuma a hunturu na biyun ne za ki ga furen da kika sani.

In kuwa kika tarar gara ta rarake gindin ya zama kwanso, ko ƙarin nan da na ambata ya zagaye shi, ko aka yi askin Nuwamba har Janairu ta ƙare babu toho sai daga ƙasan aure, to a haƙura a tumɓuke shi da saiwarsa a ƙone. Nan ne 'yan dashen da kika ɗauka a Agusta za su yi rana. Kada a sa su a ramin da aka ciro tsohon, wardi ba ya ci gaba a ƙasar da wani wardin ya daɗe a cikinta, balle in ƙarin ne ya kashe shi. A matsa taku uku ko huɗu, a haƙa rami faɗin santimita 60 da zurfin haka, a cika da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a dasa a farkon damina da yamma.